Ku Tambayi Kawu: Wai Damben Boksin Zai Riƙe Gida?

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na taɓo maganar dambe a fitowar da ta wuce saƙonni suka yi ta shigowa, daga Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusri har Injamena, wasu tambaya suke wasu kuma faɗa suka zo yi da ni. Na zaɓo waɗanda na ga za su amfani mutane da yawa. Sunaye na cire su kamar kullum.

*Kawu barka da aiki. Ni ɗan klando ne, wato acaba, a Garwa, shekarata 22, wata takwas kenan ina zuwa sal, wurin koyon dambe, kuma koci yace hannuna nada nauyi sosai. Moton nawa ne na gama biyan kuɗinsa. Abokina yace in saida shi in tafi Duwala tunda Ngannou ma a shekara 22 ya fara. Ina da mata da ɗiya ɗaya. Me ka gani?*

Ɗana, kar ka saida moton nan. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba to ka ji shi.

Abokinka bai yi ƙarya ba, Francis Ngannou ɗan Batie ne can yammacin ƙasar nan, tun yana yaro yake haƙar yashi, kuma a Duwala ya fara boksin yana da shekara 22. Amma abokin naka ya tsallake tsakiyar labarin. Duwala ba ta ba shi komai ba. Yana ɗan shekara 26 ya bi ta Najeriya da Nijar da Aljeriya ya faɗa Maroko, ya yi wata da watanni a can yana neman tsallakawa, da ya shiga Sifen a 2013 aka tsare shi wata biyu, ya isa Paris yana kwana a wurin ajiye motoci. Kuma ba ma boksin ne ya fitar da shi ba, wancan faɗan na cikin keji ne da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, a nan ya ci kambun masu nauyi na UFC, babban kamfanin shirya irin wannan faɗan, a 2021. Boksin ɗin da ka gani a waya, wanda ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku a Riyad a 2023, ya zo ne bayan ya riga ya yi suna, kuma ka tuna a ƙarshe Fury aka ba wasan, sannan Anthony Joshua ya sumar da shi a turmi na biyu a 2024. Mutum nawa suka bi wannan hanyar ta sahara da teku ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Su ba wanda yake sa hotonsu a jikin moto.

Yanzu bari in gaya maka abin da kake ciki, don na lura samari da yawa suna shiga sal ba su san bambancin ba. Dambe iri biyu ne. Akwai na kuɗi, wanda ake sa hannu a kwangila a biya ka kowane wasa, ana turmi huɗu, shida, har goma sha biyu. Akwai na amato, shi ne naka, turmi uku ne kowanne minti uku da hutun minti ɗaya a tsakani, ka sa singileti ja ko shuɗi, alƙalai na gefe suna ba da maki. Shi wannan ba albashi a cikinsa. In ka ci gasar jiha za a rataya maka lamba, a ɗauki hoto, ƙila wani babba ya miƙa maka ambulan, gobe da asuba ka tada moto ka fita neman na cefane. Kuɗi mai tsoka sai can sama, a gasar duniya ta 2021 a Belgrade an fara ba mai zinare dala dubu 100, amma kafin ka kai nan sai ka doke duk ’yan ajinka na Kamaru, ka shiga tawagar ƙasa, ka wuce ’yan Aljeriya da Maroko da Masar, sannan ka tarar da ’yan Kuba da Uzbekistan da Kazakistan waɗanda tun suna yara gwamnati ke tallafa musu a dambe.

Kuma nauyin hannu da koci ya yaba maka, madalla, amma a nan arewa nauyin hannu ba shi ne abin da muka rasa ba. Kowane yaro da ke dakon buhun masara a kasuwa yana da shi. Abin da muka rasa wasa ne. Yaron Yawunde ko Duwala zai iya hawa fage sau da yawa a shekara don kulob-kulob suna kusa da juna, kai kuwa in ka samu biyu ko uku ka gode Allah, kuma duk da yaran da ka riga ka san hannunsu ne. Ranar da aka kira gasar ƙasa sai ka hau mota zuwa Ngaundare, ka kwana a jirgin ƙasa a zaune ƙafa ta kumbura, ka sauka Yawunde ka hau sikeli, ka haɗu da wanda ya kwana a gadonsa kuma ya ninka ka wasa sau biyar. Ba ƙarfi zai fi ka ba, ya dai saba ganin naushi na tahowa ne, kai ba ka saba ba.

To moton nan shi ne zai kai ka. Da shi za ka sayi safar hannu taka ta kanka da bandeji da robar haƙori, da shi za ka biya lasin dambe, da shi za ka ci ƙwai da kifin Binuwai maimakon shayi da biredi kullum, da shi za ka haɗa kuɗin mota in an ce akwai wasa a Marwa ko Ngaundare, kuma duk inda aka ce akwai wasa ka je, ko ba ko sisi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka ba kanka shekara biyu a haka. In ka ci jiha, ka je gasar ƙasa ka ga matsayinka da idonka, lokacin sai mu sake magana. Sannan ka zauna da mai ɗakinka ka gaya mata gaskiya, don ita ce za ta riƙa dafa ruwan zafi tana gasa maka fuska.

*Kawu ni ɗan mahauta ne daga Marwa, gadon gidanmu ne damben gargajiya, na yi wasa a nan na yi a Mubi da Yola kuma nayi kisa ba ɗaya ba ba biyu ba. Ina so in koma boksin ko zan samu zuwa waje. Ai duk dambe dambe ne ko?*

Toh Sarkin Fawa na gobe, dambe dambe ne amma za ka sha mamaki satin farko.

Abin da kake da shi wanda ba a saya a kasuwa: ba ka tsoron taro, kalangu da ihun mutane ba sa kaɗa maka gwiwa, ka san tazara, ka san lokacin da mutum ya buɗe. Yara da yawa a sal suna dukan buhu kamar za su fasa shi amma ranar da suka ga mutane ɗari sun zagaye su sai ƙafa ta ɗau rawa. Kai ka wuce nan.

Amma hannun hagunka matacce ne. A gidan dambe garkuwa ce kawai, ka miƙe ta a buɗe kana auna mutum, duk aikin na hannun da aka naɗe da zare ne. A boksin hannun gaban nan shi ke cin wasa, shi ake tsikarar mutum da shi a hanci a hana shi tunani, kuma alƙalai biyar ɗin da ke zaune a gefe tsabtataccen naushin da ya sauka suke dubawa da wanda ya juya wasan, su ba wanda ya ci turmin 10 ɗayan 9 ko ƙasa da haka. Kana nan kana jiran naushi ɗaya na kisa, yaro siriri zai tsittsikare ka minti tara ya tafi da wasan. Wancan lilon hannu da kuke ɗaukowa tun daga baya kuwa, in ka yi shi da safa yawanci cikin hannu ne ke sauka, alƙalin wasa zai ce mari ne ya gargaɗe ka, ka maimaita a cire maka maki. Shuri babu shi sam. Ƙeya ba a duka, ƙasan ɗamara ba a duka. Kuma in ka kai mutum ƙasa ba a gama ba, ba wanda zai ɗaga ka sama a zagaya da kai, ƙirga masa za a yi, in ya miƙe kafin goma kuma alƙali ya ga idonsa daidai sai a ci gaba, kai kuma ka riga ka saki jiki.

Sai numfashi. Turmin gidan dambe ana tsayawa ana zagaye ana kallon juna, a nan minti uku ba tsayawa. Gudun asuba da tsallen igiya za su fi ba ka wuya fiye da naushi. Layu da guraye kuma a bar su gida, ba a hawa da su, ko zobe ba a bari.

In shekarunka ba su wuce ashirin da ’yan kai ba ka gwada, amma ka shiga a matsayin ɗan koyo, ka yarda yaron da ka girma ya gyara maka tsayuwa. Wanda ya kasa haɗiye wannan shi ke komawa bayan sati biyu yana cewa damben Turawa wasan yara ne. Wani abu kuma, a yau damben gargajiya a Najeriya ana samun kuɗi a cikinsa fiye da abin da ɗan amato ke samu a nan, har mota da babur ake sawa a gasa, don haka ka yi lissafi da kyau kafin ka bar inda aka san sunanka.

*Salamu alaikum Kawu. Ni uwa ce daga Gidar. Ɗana ɗan shekara 17 yana lise, wato sakandare, ya shiga wannan damben ba da son raina ba. Ranar asabar ya dawo daga atisaye yana ciwon kai, yayi amai sau biyu, yayi ta barci, da na tambaye shi abinda ya faru yace bai tuna ba. Yanzu ya warware yace zai koma. Babansa ya rasu, ba mai tsawata masa. Kuma ni ina jin kamar ma addini bai yarda da abin nan ba.*

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya raya miki shi.

Kar ya koma. Ki kai shi asibiti likita ya duba shi ko da ya ce miki garau yake, kuma ki faɗa wa likitan duk abin da kika faɗa min, aman da barcin da mantuwar. Abin da ya same shi girgizar ƙwaƙwalwa ce. Ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai, in naushi ya juya kai da ƙarfi sai ta bugi ƙashi, ba sai mutum ya faɗi ko ya suma ba. Mafi yawa suna warwarewa da hutu, amma wani lokaci jini na tsiyaya a ciki a hankali, mutum na tafiya yana magana sai bayan awanni ko kwanaki ya kife. In kika ga ciwon kan na ƙaruwa, ko amai ya dawo, ko yana magana ba kan gado, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko barcin da ba ya tasuwa, to ko tsakar dare ne a nemi mota a kai shi babban asibiti inda akwai sikana. Kar a ba shi asfirin ko ibuprofen a irin wannan hali don suna iya ƙara zubar jini, kuma kar a tsaya shafa mai da tofi kaɗai, a yi addu'ar a cikin mota.

A dokar damben amato wanda aka sumar ko aka tsayar da wasansa saboda dukan kai, mafi ƙaranci kwana 30 ba wasa ba gwajin hannu, in ya sake faruwa cikin wata uku sai ya koma kwana 90, kuma likita ne ke sa hannu kafin ya dawo. Kowane ɗan dambe yana da karne da ake rubuta wasanninsa da gwajin lafiyarsa a ciki. Hatsari mafi girma shi ne duka na biyu ya sauka kafin na farko ya warke, kuma ga masu shekarun ɗanki abin ya fi muni.

Ki je sal ɗin da kanki Hajiya, ko ki tura kawunsa. Na san irin wuraren nan, a cikinsu na girma: daɓen siminti, tayar tarakta a kwana, buhu ɗaya cike da yashi da dussar katako an rataye a reshen dalbejiya, safar hannu ƙafa biyu yara goma sha suna karɓa-karɓa, cikinta jiƙe da zufar wanda ya cire, soson ya mutu har kana jin ƙashin yatsun mutum a fuskarka. Robar haƙori a ruwan zafin mai shayi ake tsomawa a cije. Talauci ba laifi ba ne, an fitar da gwanaye daga irin nan. Abin da za ki duba shi ne kocin. Wa ya haɗa ɗanki da wanda ya doke shi, nauyinsu ɗaya? Da hular kariya a kansa? Da ya ga yaro ya rikice ya tsayar ko cewa ya yi kai namiji ne ci gaba? Ya biyo shi gida ya duba shi? In kocin bai ma san yaron ya yi amai ba, ko ya sani ya ce ba komai, to ki raba ɗanki da wurin ko zai yi fushi da ke shekara. Manyan maza ne aka cire wa hula a gasa tun 2013, ’yan ƙasa da shekara 19 da mata suna sawa, duk da ita ma hular tsagewar fata take ragewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza.

Batun addini kuwa, zuciyarki ba ta yi nisa da maganar malamai ba. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya ce in ɗayanku zai yi faɗa ya nisanci fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi zama a 1987 ta ce boksin irin wanda ake yi a fagen gasa bai halatta ba saboda cutarwar da ke cikinsa. Wasu malaman suna sassautawa ga motsa jiki da dukan buhu da koyon kare kai in ba a dukan fuska. Samari za su ce miki ai Muhammad Ali musulmi ne, haka ne, ya ci zinare a Rum a 1960 tun kafin ya musulunta, kuma duniya ta ga yadda jikinsa ya koma yana rawa shekaru talatin kafin rasuwarsa a 2016. Ni tsohon ɗan dambe ne, fatawa ta malamai ce, ki tafi da shi wurin malamin da yake jin nauyinsa su yi magana a gabanki. Ba zan ɓoye miki abin da aka ce ba don kawai ina son wasan.

*Kawu gasa saura sati uku kuma na haura ajina da kilo huɗu. Wani yace in sha lasilis in sa leda a jiki in yi gudu da rana, wani kuma yace tramol na hana jin naushi. Daga Kusri.*

A zafin Kusri za ka sa leda ka yi gudu da rana? Kai ɗana so kake a yi maka sallah.

Lasilis maganin masu ciwon zuciya da ƙoda da kumburi ne, ruwa yake tatsewa daga jiki tare da gishirin da zuciya ke bugawa da shi, kuma haramtacce ne a wasanni ko da gasa ko ba gasa. Sannan a amato ba sau ɗaya ake awo ba kamar na ’yan kuɗi, duk ranar da za ka yi wasa sai ka hau sikeli da safe, to in ka tatse kanka yau gobe fa? Jikin da ba ruwa ƙafarsa ba ta ɗauka, kansa kuma ba ya jure duka. Kilo huɗu a sati uku, in kai babba ne ka rage sukari a shayi da lemon kwalba da soye-soye da tuwon dare, ƙila biyu su tafi lafiya lau. Sauran biyun ka hau aji na gaba kawai, ba abin kunya ba ne.

Tramol kuma hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta hana shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Ko ba a hana ba, jin zafi shi ke gaya maka ka ɗaga hannu ka kare, wanda ba ya ji tsayawa yake a yi ta jibgarsa. Yana rage saurin ido, yana kawo farfaɗiya in an yawaita, kuma ka fi ni sanin yadda ya mayar da wasu samarin tashar moto. Wanda ya ba ka shawarar nan kar ka bari ya riƙe maka ko gorar ruwa a kwana.

Tunda an zo nan, masu tambaya kan azumi: atisaye mara nauyi dab da shan ruwa, mai nauyi bayan asham, gwajin hannu kuwa kar a yi shi da ƙishirwa.

*Muna gardama a majalisa, ni nace ƙwallo ce ta fara kawo wa Kamaru lambar Olamfik, abokina yace dambe. Wa ya ci? Daga Ngaundare.*

Biya shi shayinsa. Joseph Bessala ne ya fara, azurfa a Meziko a 1968, ɗan Jamus ta Gabas Manfred Wolke ya doke shi a wasan ƙarshe. Ta biyu ma dambe ce, tagullar Martin Ndongo-Ebanga a Los Angeles a 1984. Ƙwallo sai a 2000 a Sidni ta kawo zinare. Bessala ya rasu a 2010, kuma ka tambayi majalisar taku mutum nawa suka taɓa jin sunansa, alhali ba wanda zai kasa lissafo maka su Mboma da Eto'o.

*Kawu gaskiya ni burina in shiga tawagar ƙasa, in an fita da mu Turai in sulale kamar yadda wasu suka yi. Kar ka yi min wa'azi, ka faɗa min ko yana yiwuwa.*

Ba zan yi maka wa'azi ba, lissafi zan yi maka.

An yi, ba sau ɗaya ba. A Landan a 2012 ’yan wasan Kamaru bakwai suka ɓace daga masauki, biyar ’yan dambe ne, ɗaya mai ninƙaya, ɗaya mai tsaron gida ta ƙwallon mata. A gasar Commonwealth ta 2018 a Ostireliya takwas suka sake ɓacewa, biyar a ciki ’yan dambe. Ni ban taɓa zagin yaran nan ba, wanda ya ga yadda ɗan dambe ke jiran alawus ɗinsa ba zai yi saurin zaginsu ba. Amma a cikin biyar ɗin Landan sunan wa kake ji yau? Thomas Essomba, wanda ya ci kambun Commonwealth na damben kuɗi a 2015, ya yi ta shiga wasanni masu wuya a gidan wasu ana ba shi kashi yana bayarwa, sai a 2023 ya ɗauki kambun Turai, shekara goma sha ɗaya bayan ya sulale. Kuma shi ya je Olamfik sau biyu kafin nan, ba ɗan koyo ba ne.

Waɗanda suka fi nisa, sunan da suka yi a amato ne ya kai su. Sakio Bika ya wakilci Kamaru a Sidni, ya zauna Ostireliya, ya ci kambun duniya na WBC a 2013. Carlos Takam da Hassan N'Dam N'Jikam duk sun je Atina a 2004, daga nan Faransa. N'Dam ya kai zagayen kwata fainal a Atina, wanda ya fitar da shi, Gaydarbekov na Rasha, shi ya ɗauki zinaren, daga baya N'Dam ya riƙe kambun duniya, ya je har Tokyo ya doke Ryota Murata a 2017. Takam kuma ya tsaya da Joshua turmi goma a Cardiff a shekarar. Abin da masu shirya wasa a Turai suka saya a wurinsu karnen nan ne mai cike da wasanni.

Wanda ya sulale ba takarda ba zai samu lasin dambe da sauƙi ba, shekarun ƙarfinsa a jiran takarda za su tafi, yana wanke-wanke a ɓoye, kuma ya ja wa na bayansa wahalar biza. Sannan kai da ka rubuto min ko gasar jiha ba ka ce ka ci ba. Tawagar ƙasa mutum ɗaya take ɗauka a kowane aji, ka fara zama shi tukuna.

*Kawu ni budurwa ce ɗaliba a jami'ar Ngaundare, ina son boksin amma ina sa hijabi kuma ina tsoron bakin mutane.*

’Yata, ta fannin doka hanya a buɗe take, tun 2019 hukumar dambe ta duniya ta yarda mata su hau da ɗankwalin wasanni da riga mai dogon hannu da wando har ƙasa. Mata sun fara dambe a Olamfik a 2012, kuma a Paris a 2024 Cindy Ngamba, haifaffiyar Kamaru da ta tafi Ingila tana shekara 11, ta ci tagulla a kilo 75 da sunan tawagar ’yan gudun hijira, lambar farko da wannan tawaga ta taɓa samu.

Bakin mutane kam za ki sha shi, a Baladji ko Sabongari ba a saba ganin mace da safar dambe ba, kuma za a kai maganar gidanku kafin ki kai. Don haka ki riga su, ki fara da Baba da Dada, kar su ji a bakin wani. Abin da na faɗa wa Hajiyar Gidar kan dukan fuska da maganar malamai ke ma ya shafe ki. In sun amince, ki nemi wurin da akwai wasu matan ko ki ja ƙawa ku tafi tare, atisaye da rana a fili ba a ɗaki a rufe ba, kuma duk kocin da ya ce ki zo ke kaɗai da yamma zai ba ki horo na musamman kar ki sake komawa. Watannin farko ma ba mai taɓa ki, gudu ne da igiya da tsayuwa da dukan buhu, mata da yawa a nan suke tsayawa don lafiyar jiki kawai kuma ba laifi. In kin kai ga gwajin hannu, da mace mai nauyinki za ki yi, da hula da robar haƙori, kuma karatun nan kar ki bari ya yi ƙasa don jarrabawa ba ta jiran mai kumburin ido.

Mai tambaya daga Injamena kan ko an cire dambe daga Olamfik, ba a cire ba. An yi rikici ne, kwamitin Olamfik ya kori hukumar damben amato ta duniya, IBA, a 2023 kan batun kuɗi da shugabanci da alƙalanci, a 2025 ya amince da sabuwa mai suna World Boxing kuma aka tabbatar da dambe a Los Angeles 2028. Masu tambaya kan kokawa da ciwon gwiwa ku yi haƙuri, fili ya ƙare, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.